Kashin gwaji talla ne, a daina auna fina-finanmu da shi

Wani matashi cikin 'yan uwanmu mazauna Kanada ya riƙa nuna wa mutane wani guntun bidiyo a wayarsa, wurin da jarumin shirin The Flash, mai baiwar tsananin gudu, yake zagaye guguwa da gudu har ya warware ta, a kashin farko da tashar The CW ta haska a watan Oktoban 2014. Da ya gama sai ya ce 'yan Kannywood ko shekara ɗari aka ba su ba za su yi irin wannan ba. Aka yi dariya. Maganar ta sosa mini rai, musamman da yake a nan Vancouver aka ɗauki abin, kuma duk wanda ya san yadda ake haɗa shi ya san yaron bai fahimci abin da ya kalla ba.

Kashin farko, wato kashin gwaji, a tsarin talabijin na Amurka samfur ne da ake kai wa mai saye. Manyan tashoshi irin su ABC, CBS, NBC da Fox a da suna da al'adar karɓar rubuce-rubuce da yawa, su zaɓi kaɗan su biya a ɗauki kashi ɗaya tak na kowanne tsakanin Janairu da Afrilu. A watan Mayu sai su tara masu ba da talla a New York su bayyana waɗanda suka tsira. Sauran a jefa a sito. A 2011 an ɗauki kashin gwaji na Wonder Woman wa NBC, aka kashe kuɗi, aka ɗinka kaya, tashar ta ce ba ta so. Na Aquaman ma a 2006 bai zama shiri ba. To wanda ya san cewa kashi ɗaya ne zai yanke masa hukunci, me zai hana ya zuba duk abin da yake da shi a ciki? Manyan ne ake ɗorawa a saman kwando.

Ku duba kwanakin aiki kawai. Kashi na yau da kullum ana ɗaukarsa cikin kwana 8 ko kusa da haka. Na gwaji yakan ci kusan ninki biyu, kuma a bar wa masu tacewa makonni suna gyara. Darakta ma na musamman ake nemowa. David Nutter ne ya ba da umarnin kashin farko na Smallville a 2001, da na Arrow a 2012, da na The Flash ɗin nan. Sana'arsa ke nan: ya ɗora harsashi, ya saita haske da launi da yadda kyamara za ta yi motsi, ya miƙa wa wasu su ci gaba da kuɗi kaɗan da lokaci kaɗan. Zangon farko na The Flash kashi 23 ne. Wanda ya bi shi da idon basira zai ga akwai makonnin da gudun bai wuce ɗan walƙiyar ja da takardu na tashi ba, saura duk mutane ne tsaye cikin ɗakin bincike suna magana. Mutane a ɗaki suna magana fa, abin da ake yi mana gori a kai.

Idan za a ɗauki sin a wata unguwa a garin nan, tun kwanaki kafin ranar ake liƙa wa mazauna takarda a ƙofa, a faɗa musu ƙarfe nawa za a rufe titi da ko za su ji ƙarar fashewa. Ranar kuwa fararen tireloli ne a jere, ta kayan sawa daban, ta kwalliya daban, ta abinci daban, ta janareto can nesa an ja kebul masu kauri don kada ƙara ta shiga. Ga ƙananan alluna masu kibiya a kan fitilun hanya suna nuna wa ma'aikata inda za su ajiye mota. Ga fitila an ɗaga ta sama da kuren ta maye gurbin farin wata. A cire alamun Kanada, a kafa tutar Amurka da akwatin wasiƙa irin nasu, a jiƙa kwalta da tankar ruwa ko da ba a yi ruwa ba, don jiƙaƙƙen titi yana mayar da haske ya yi kyau a hoto. Kamfanonin sun zo nan ne saboda rangwamen haraji da lardin British Columbia ke ba su, da kuma arahar dalar Kanada a kan ta Amurka. Tsohon ginin nan na Hatley Castle da ke kusa da Victoria shi ne gidan su Luthor a Smallville, shi ne kuma gidan su Queen a Arrow. Su ma gida ɗaya suke ta maimaitawa.

Shi kansa gudun ga yadda ake yinsa. Za a fara ɗaukar wurin ba kowa a ciki. Sannan a ɗauki jarumi yana tsaye ko yana tahowa taku biyu, a harba iska da babbar fanka don labule da takardu su tashi. Sannan a ɗauke shi yana gudu a kan injin motsa jiki gaban koren ƙyalle, wanda daga baya ake cirewa a kwamfuta a liƙa hoton wurin. An riga an auna jikinsa da fuskarsa an ƙera kwafinsa a kwamfuta, shi ake sakawa inda mutum ba zai iya ba. Fim hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, saboda haka daƙiƙa 5 na guguwa hoto 120 ne, kowanne sai an duba shi. Inda abin ke lalacewa sananne ne. Koren ƙyallen yakan mayar da launinsa a kan gashi da gefen fuska idan jarumi ya tsaya kusa da shi. Hasken da aka yi a ɗakin ɗauka yakan saɓa wa na wurin da aka liƙa, rana ta fito daga hagu a baya, inuwa ta faɗi hagu a gaba. Kwafin kwamfuta kuma ba shi da nauyi, idan ba a sa masa inuwa a ƙarƙashin ƙafa da ƙura inda ya taka ba sai ya zama kamar yana shawagi. Shi ya sa faɗan ƙarshe kusan kullum da dare ne, cikin hayaƙi ko ruwan sama. Duhu yana rufa asiri, kuma yana rage kuɗi.

Ban ce ba abin koyo. Akwai, sai dai ba inda yaron ya nuna ba. Sa'a ɗaya ta talabijin a can minti 42 ce idan an cire talla, an yanka ta gida biyar ko shida, kowane gida dole ya ƙare da abin da zai hana mutum canza tasha. A wannan kashin an nuna kisan mahaifiyar jarumin yana yaro, da ɗaure mahaifinsa a kan laifin da bai yi ba, da fashewar wata na'urar binciken kimiyya, da tsawar da ta faɗa masa, da wata 9 da ya yi a sume, da yarinyar da yake so bai faɗa mata ba, da bos na farko, duk kafin a tashi. A minti na ƙarshe masanin kimiyyar da kowa a shirin ya sani a keken guragu ya miƙe tsaye da ƙafafunsa ya duba jaridar shekarar 2024, wato ta shekara goma a gaba. Wannan miƙewar ba ta ci ko sisi na siddabarun kwamfuta ba, amma ita ce ta dawo da mutane mako na gaba. A nan kam mu ma sai mu yarda: a namu fina-finan, buɗe get, shigowar mota, rufe get, gaisuwa har kakanni, hoton gari daga sama sau huɗu, minti goma sun tafi ba a san wa ke son me ba.

Sai sauti, wanda shi ne ainihin abin da ke sa mutum ya ji fim ya yi tsada ko da bai san dalili ba. Makirfo na kan sanda ana riƙe shi sama da kan mai magana, bai fi rabin mita da bakinsa ba, a kuma ɓoye ƙarami a cikin riga. Kafin a tashi daga kowane wuri kowa zai yi shiru a naɗi sautin ɗakin na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, da shi mai tacewa zai cike giɓi don kada a ji amon ɗaki yana yankewa tsakanin magana da magana. Maganar da ta ɓaci a sake ɗora murya a sutudiyo. Takun ƙafa da ƙarar riga duk daga baya ake yin su. Falo mai tayil da silin mai tsawo yana amsa-kuwwa, maganinsa a shimfiɗa barguna inda kyamara ba ta gani. Babu dala miliyan a cikin wannan.

Duk da haka ni dai ban ga dalilin raina kai ba. Mutanen nan ba sa sakin kashin gwaji sai an gwada shi a kan baƙi. A otal ɗin MGM Grand da ke Las Vegas CBS ta taɓa buɗe wurin da aka riƙa tara 'yan yawon buɗe ido, a ba kowa ɗan maɓalli, in ya ji daɗi ya murɗa gefe guda, in ya gundura ya murɗa ɗaya gefen, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Inda layin da ke nuna jin daɗin masu kallo ya faɗi a yanke, wani lokaci har a sauya ɗan wasa. Daga nan ne ake samun muryar jarumi tana bayyana maka abin da idonka ke gani, da abokin da aikinsa kawai ya yi barkwanci duk bayan minti uku. An goge duk wani kaifi don kada kowa ya ji haushi. Namu furodusan da ke ɗora kashi a YouTube duk mako, da kuɗin kashin jiya yake ɗaukar na gobe, ba shi da wannan gatan, kuma masu kallonsa ba baƙi ba ne. Sun san karin harshen da ake yi, sun san idan uwar miji ta ce "ba komai" to akwai komai. Ban taɓa jin magana a waɗannan shirye-shiryen da take da ciki da baya irin wannan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma wani ne. Ku lura da yadda kowane kashin farko yake fara raba jarumi da danginsa. Wannan an kashe uwarsa, wancan na Arrow ubansa ya mutu bayan jirgin ruwa ya nutse shi kuma ya shekara 5 ba a san inda yake ba, wata jarumar kuma duniyarsu gaba ɗaya ta tarwatse. Ba kawu, ba gwaggo, ba kaka. Sai an yi haka labarin zai tafi, don dukan ginin ya dogara ne a kan mutum ya fita ƙarfe biyun dare da abin rufe fuska, ya dawo da karaya, ba wanda zai tambaye shi daga ina. Marubutan ba ƙirƙirar wannan suka yi ba, rayuwar wurin ce. Bene mai hawa 30, kowa da makullinsa na lantarki, a haɗu a lif kowa ya kalli lambobi, maƙwabci ya tashi sai bayan wata biyu ka lura an canza tabarmar ƙofa. A irin wannan gari ɓoye sirri ba ya buƙatar baiwa. Yaranmu da aka haifa a nan kuma su ne masu kallon, suna ganin wanda ba ya gaya wa kowa inda za shi shi ne gwarzo.

Duk marubucinmu da ke sha'awar yin irin wannan jarumin da Hausa, ba koren ƙyalle ne zai fara ba shi wahala ba. Tun a shafi na biyar Hajiya za ta tare yaron a tsakar gida ta ce ina ya kwana, ƙanwarsa ta riga ta ga rigar a ƙarƙashin katifa, mai gadin layi kuma ya gane tafiyarsa tun daren farko.