Sai Bango Ya Tsage: Nasiha Ga Matasa Kan Yaƙin Intanet

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, maza da mata.

Duk lokacin da aka taɓo zancen tsaron intanet, sai ka ji wani a cikinmu ya ce, "Ni me nake da shi da za a sata?" A ganinsa kutse faɗa ne na Amurka da Rasha da Sin, shi kuwa ɗan kallo ne. Wallahi ba ɗan kallo ba ne. Sau da yawa ta cikin wayarsa ko kwamfutarsa ake bi a kai ga wanda ake nema.

A 2007 gwamnatin Estoniya ta ɗauke mutum-mutumin wani sojan Tarayyar Sobiyet daga tsakiyar birnin Tallin. Nan da nan shafukan bankuna da jaridu da ma'aikatu suka fara durƙushewa, aka shafe makonni ana fama. Da me aka kai harin? Da dubban kwamfutocin mutanen da ba su san hawa ba balle sauka, waɗanda muguwar manhaja ta riga ta shige su, aka sa su yi wa shafukan taron dangi. Estoniya ta nuna Rasha da yatsa, Rasha ta ce ba ita ba. Abin da ya sa manyan ƙasashe ke son wannan salon yaƙi ke nan: ka yi jifa ka ɓoye hannu.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata muguwar manhaja mai suna WannaCry, a watan Mayun 2017. Asalin makamin na hukumar leƙen asirin Amurka ne, NSA, wadda ta gano wata ɓaraka a manhajar Windows ta yi shiru tana amfani da ita. Aka sace makamin aka watsa shi a intanet. Wasu suka ɗauka suka haɗa shi da manhajar kulle bayanai don neman kuɗin fansa, cikin 'yan kwanaki ta ratsa ƙasashe sama da 150. A Ingila an soke wa dubban marasa lafiya ganin likita, wasu motocin ɗaukar marasa lafiya ma sai da aka karkatar da su zuwa wasu asibitocin. Daga baya Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Ga inda takaicin yake: Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris. Wata biyu cur maganin na ajiye, ba a sha ba. Ku tuna da wannan duk ranar da waya ta nemi a sabunta ta kuka danna "anjima". Ni ma na sha dannawa, ba wai na fi ku ba.

Kada kuma ku zaci akwai wata doka a sama da za ta kare ku. A 2015 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji 11, ciki har da cewa kada ƙasa ta kai hari kan abubuwan da rayuwar jama'a ta dogara a kansu. Sai dai ƙa'idojin na ganin dama ne, ba tilas a cikinsu. A watan Disambar wannan shekarar aka kashe wa mutane sama da 200,000 wutar lantarki a Yukren, tsakiyar hunturu. Ƙofar da aka shiga ta ita ce saƙon imel mai ɗauke da takardar bogi da ma'aikata suka buɗe.

Sai ku masu baiwar kwamfuta, da ku na fi son magana. Bayan Rasha ta afka wa Yukren a 2022, an yi ta gayyatar 'yan sa-kai ta Telegram su zo su yi kutse, matasa daga ƙasashe da dama suka amsa don zafin kai ko neman suna. Abin ya kai har a 2023 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta fitar da ƙa'idoji takwas ga fararen hula masu kutse, tare da gargaɗin cewa wanda ya tsoma hannu kai tsaye cikin yaƙi yana iya rasa kariyar da doka ta ba farar hula. Wanda ya turo maka sunan shafin da za ka kai wa hari, ka san shi? In asibiti ne a bayan shafin fa? Ranar da aka kama ka, shi ba ya nan. Ilimin da ake fasa ƙofa da shi, da shi ake tsare ta, kuma kamfanoni irin su Google da Microsoft suna biyan lada ga wanda ya gano ɓaraka ya sanar da su ta hanyar da suka tanada.

Sauranmu kuma aikin ba shi da yawa. A daina amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato bayan kalmar sirri a sake neman wata shaida, kamar lambar da ake turowa waya), a canza kalmar sirrin da na'urar intanet ta gida ta zo da ita daga kamfani. A 2021, bayan an yi masa kutse, kamfanin Colonial Pipeline ya rufe bututun mai mafi girma a gabashin Amurka na kwanaki, ya biya fansar dala miliyan 4.4. Da aka bi diddigi, ta wani tsohon asusun shiga kwamfutocin kamfanin da ba a rufe ba aka shiga, kalmar sirrinsa ta fita, kuma babu mataki na biyu a kansa.