Turanci ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace kalma da muhallinta

A makon da ya gabata wani ƙanena ya kawo mini takardar neman aiki da ya rubuta da Turanci domin in duba masa, kuma tun da na karanta ta abin yake damuna. A sakin layi na farko ya jera kalmomi masu nauyi waɗanda na tabbata daga ƙamus ya tsamo su, ya rubuta "commence" inda "start" za ta wadatar, ya rubuta "utilise" inda "use" ta isa. Kafin a kai ƙarshen shafin kuma sai ga "wanna" da "gonna" sun faɗo cikin jimla, irin Turancin da yake ji a bidiyoyin TikTok. Yaron yana da digirinsa, kuma ba rago ba ne wajen karatu. Abin da ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa ba shi ne cewa Turanci yana da kare-karen harshe kamar yadda Hausa take da Kananci da Sakkwatanci, kuma kalmar da ta dace da zaman majalisar samari ba ita ce ta dace da teburin mai ɗaukar ma'aikata ba.

Mu a Najeriya Turancin Ingila muka gada, kuma shaidar haka tana cikin Hausar da muke yi kullum. Fetur daga "petrol" muka samo shi, alhali Ba'amurke "gas" yake kiransa, mu kuwa idan aka ce man gas, tunaninmu kan dizal yake tafiya. Tocila daga "torch" ta Ingilishi ta fito, a Amurka "flashlight" ake cewa. But ɗin mota da muke zuba kaya a ciki "trunk" ne a can. Wani bambancin ma yana iya kunyata mutum a bainar jama'a, domin "pants" a Amurka wando ne, a Ingila kuwa ɗan kamfai ake nufi. Hatta rubutun kalmomin ya sha bamban, kuma da gangan aka yi, domin Noah Webster, wanda ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828, ya tsaya kai da fata sai Amurka ta sami salon rubutu nata, shi ya sa suke rubuta "color" da "center" inda makarantunmu suka koya mana "colour" da "centre". Babu wanda ya fi wani zama daidai a cikinsu, abin da kawai nake roƙon ɗalibai shi ne su zaɓi ɗaya su tsaya a kansa har ƙarshen takarda.

Inda na fi jin takaici shi ne yadda muke auna ilimin mutum da nauyin kalmominsa. Wannan nauyin yana da tarihi. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, talakawa kuma suka ci gaba da tsohon Turancinsu. Daga nan harshen ya tashi da kalmomi bibbiyu a kan abu guda, kamar "buy" da "purchase", ko "ask" da "inquire", ko "help" da "assist". Manomin da yake kiwo yana cewa "cow" da "sheep", amma idan nama ya iso teburin masu mulki sai ya koma "beef" da "mutton". Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, tunda shi ma ya san bambancin "ya mutu" da "ya rasu" da "ya riga mu gidan gaskiya", kuma ya san wadda zai faɗa a gidan makoki. Kalmar fada tana da wurinta a takardar kotu ko wasiƙar hukuma, amma wanda ya cusa ta a kowace jimla yana wahalar da mai karatu ne kawai, kuma ƙwararrun marubutan Ingila da Amurka sun fi karkata ga gajeriyar kalmar da kowa ya sani.

Sara kuwa, wato kalmomin yayi irin na hirar samari, ba na gaba da ita, domin daga cikinta harshe yake samun sabon jini. Kalmar "soccer", wato ƙwallon ƙafa, da ake yi wa Amurkawa gori a kanta sarar ɗaliban Ingila ce ta ƙarshen ƙarni na 19, sun gutsuro ta ne daga "association". Matsalarta ita ce saurin tsufa, kuma ba ta fita daga da'irar masu ita ba tare da ta rikita wani ba.

Akwai kuma namu Turancin, wanda ba na yarda a kira shi kuskure. Idan ɗan Najeriya ya ga mutum ya yi tuntuɓe ya ce masa "sorry", sannu yake nufi, ko da yake Bature zai iya amsa masa da cewa ai ba laifinsa ba ne. Idan ya wuce leburori ya ce "well done", sannu da aiki ce ta sa rigar Turanci. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da "okada" da "next tomorrow" da "Kannywood", daga baya "suya" ma ta bi sahu. Wannan ya isa hujja ga malamin da yake jan jan biro a kan duk abin da ba a faɗa a Landan. Sai dai shiga ƙamus bai sa mutumin Toronto ya san "next tomorrow" jibi ake nufi ba, don haka wanda zai aika masa saƙon kasuwanci gara ya rubuta ranar da lambobi.

Ni da ƙanen nawa mun zauna bayan sallar isha'i muka bi takardar layi-layi, ina tambayarsa wa zai karanta ta da kuma abin da yake so mutumin ya fahimta. Mun cire sarar gaba ɗaya, mun sauke rabin manyan kalmomin, mun daidaita rubutun a kan salon Ingila tunda kamfanin na gida ne, washegari da safe ya miƙa ta.