Kwalin da ya iso Legas wayam: sikeli ya kamata a fara tambaya

Ɗan maƙwabcina a Agege gyaran waya yake yi a wani lungu kusa da Computer Village da ke Ikeja. Kafin azumin bana ya kwashi adashensa, ya yi odar wayoyi huɗu daga Chaina ta hannun wani matashi ɗan uwanmu da ke tallan kaya a WhatsApp. Bayan mako uku aka kira shi ya je wani ofishin kago ya karɓo. A gabana ya buɗe kwalin a ƙofar gida bayan la'asar. Salatif mai ruwan ɗorawa ne a sama, amma idan ka duba da kyau za ka ga wani fari a ƙarƙashinsa da aka tsaga da reza. Ƙananan kwalayen wayoyin huɗu suna nan a jere, caja tana nan, takardu suna nan, waya ce kawai babu ko ɗaya. Yaron ya daɗe yana juya kwalin kafin ya ɗago ya ce, "Baba, wallahi haka aka ba ni shi."

Da ya kira mai kayan, tambaya ɗaya aka yi masa: ka ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗewa? Ya ce bai ɗauka ba. Aka ce to babu abin da za a iya yi.

Wannan amsa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta zama ruwan dare a bakin masu sayar da kaya ta intanet, manya da ƙanana, kuma a ganina zalunci ce da aka yi wa ado da ƙa'ida. Bidiyon buɗe kwali minti biyun ƙarshe kawai yake nunawa na tafiyar da ta ɗauki makonni. Wanda ya yi niyyar cuta zai iya buɗe kwali ta ƙasa, ya kwashe, ya manne, sannan ya kunna kyamara. Mai gaskiya kuwa, wanda ɗoki ya hana shi tunanin kyamara, shi ake kora. Kuma sau da yawa ba a ambaton wannan sharaɗi kafin a karɓi kuɗi, sai bayan ɓarna ta auku ake zaro shi.

Akwai shaidar da ta fi bidiyo ƙarfi, kuma tana hannun masu sayarwa da masu jigila: nauyi. Duk kwalin da ya taso daga birnin Guwanzu na Chaina zuwa Legas sai ya hau sikeli a siton ejen da ke turo kayan, tunda da kilo ake cajin kuɗin jirgi. A nan ma da kilo ake biya kafin a miƙa maka. Abin da aka rubuta da maka a jikin kwalin yaron nan kilo 3.2 ne. Muka ɗauke shi zuwa wurin matar da ke sayar da daskararren kifi a bakin layinmu, muka roƙe ta ta ɗora mana, sikelinta ya nuna 2.3. Wayar zamani ɗaya takan kai giram 200 ko sama da haka kaɗan. Lissafin bai buƙaci malamin lissafi ba. Wayoyin sun shiga kwalin a can, a hanya suka fita, kuma an caje shi kuɗin jirgin abin da bai iso ba.

Da a ce tun a can nauyin ya gaza, da mun san kwalin banza aka aiko daga shago. Da a ce ɓarawon ya cika gurbin da sabulu ko yashi don nauyi ya daidaita, kamar yadda wasu ke yi, to sabulun nan shi kansa shaida ne. Gaskiya ne kamfanin jirgi dilar gaba ɗaya yake aunawa, ba kowane ƙaramin kwali ba, amma ejen da ya haɗa dilar ya auna su ɗaya-ɗaya, don da haka yake cin abinci. Duk wanda yake da wannan rubutu a littafinsa ya ƙi fitar da shi, sannan ya ce mai saye ya kawo hujja, ba gaskiya yake nema ba.

Manyan dandali irin su AliExpress da eBay sun fi dama-dama, domin suna da hanyar shigar da ƙorafi, kuma su suke yanke hukunci tsakanin mai saye da mai sayarwa. Amma a nan ma mutanenmu na faɗawa rami guda biyu. Na farko, mutum ya zaɓi cewa kaya ba su iso ba, sai mai sayarwa ya nuna lambar bibiyar kaya ta ce an miƙa, a rufe magana. Kwali ai ya iso. Abin da ya dace a shigar shi ne abin da ya zo ba shi aka saya ba, ko kaya sun zo ba cike ba, a haɗa da hoton takardar nauyi. Na biyu kuma ya fi zafi. Yawancin 'yan kasuwarmu na Alaba da Balogun da Ikeja adireshin siton ejen suke bayarwa a Chaina ko Amurka, don jigila ta fi sauƙi haka. A wurin dandalin, ranar da kaya suka shiga wannan sito an gama ciniki. A AliExpress kwana 15 ne bayan tabbatar da karɓar kaya ake da damar buɗe ƙorafi, kayan da suka biyo ruwa kuwa sukan yi wata ɗaya ko biyu kafin su bar Apapa ko Tin Can. eBay ma ta cire kayan da aka tura ta hannun mai jigila na daban daga cikin waɗanda take lamunta. PayPal na da hanyar shigar da ƙorafi, katin banki ma yana da hanyar janyo kuɗi, sai dai mu nawa ne ke biya ta nan? Tun da bankuna suka rufe sayayyar waje da katin naira a 2022, jama'a suka koma tura naira kai tsaye a asusun wani mutum, shi ya biya da kuɗin Chaina. An fara buɗe katunan a tsakiyar 2025, amma sabo ya riga ya kama. Kuɗin da ka tura da hannunka a asusun mutum, babu dandalin da zai dawo maka da shi. Cinikin biri a sama ke nan, kuma a nan ne amanar ɗan uwanmu mai talla a WhatsApp ta zama ita kaɗai ce garkuwar mai saye.

Na san abin da yake ci wa waɗannan matasa tuwo a ƙwarya, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Idan suka biya, su ba mai biyansu. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, diyyar da kamfanin jirgi zai biya kan kago da kilo ake lissafa ta, ba da darajar kaya ba, sai idan an bayyana darajar tun farko an biya ƙarin kuɗi. Daga ƙarshen Disambar 2024 iyakar ta koma kwatankwacin dala 35 a kowane kilo. Wayar naira dubu ɗari biyar da kwalinta ba su wuce rabin kilo ba, wato diyyarta ba za ta kai dala 20 ba. Kuma sai an rubuta ƙorafi cikin kwana 14 da karɓar kaya. Duk wannan gaskiya ne. Amma darasin da ke ciki na mai sayarwa ne: ya bayyana darajar kayansa, ya yi musu inshora ko ya ware wani abu daga ribar kowace oda don irin wannan rana, ya sa a cikin farashi kowa ya gani. Shi ya zaɓi shagon, shi ya zaɓi ejen, shi ya san lambar wayar siton. Yaron Agege bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban ido bisa siffantawa, kuma suka ce kayan da ake ɗauka, idan sun salwanta kafin mai saye ya karɓa, lamuninsu na wuyan mai sayarwa, sai in an yi wani sharaɗi a fili tun farko. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ma ta ba mutum haƙƙin karɓar kuɗinsa idan abin da aka kawo ya saɓa wa abin da aka siffanta masa, kuma hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta sha faɗa cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" ba ya soke wannan haƙƙi. Jihar Legas tana da tata hukumar, LASCOPA, wadda 'yan uwanmu da yawa a Idi-Araba da Mile 12 ba su taɓa jin sunanta ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu saye da ke karɓar kaya lafiya su ce wayam ya zo, kuma su ne suka jawo wa masu gaskiya wannan zargi. Akwai kuma masu cewa a rubuta darajar dala 20 a kan kayan dala 400 don gudun kuɗin kwastam, ranar asara sai a biya su abin da suka rubuta. Waɗannan ba ni da abin cewa a kansu. Maganin na farkon ma sikelin ne: a auna a gaban mai karɓa, a gwada da abin da aka rubuta a can, in ya saɓa a buɗe nan take kafin ya sa hannu.

Wani salon da nake ƙi shi ne a amince an yi asara amma a ce za a cire maka a oda ta gaba. Wannan ɗaure mutum ne da igiyar kuɗinsa. Jinkiri ma cuta ce. Wanda aka riƙe wa naira a tsakiyar 2023 aka biya shi a farkon 2024 ya san rabin abin da ya saya ma kuɗin ba za su sake sayowa ba.

Maganar yaron nan sai da ta kai gaban dattawan masallacinmu. Matashin ya zo da kansa, aka nuna masa rubutun kilo 3.2 da hoton sikelin mai kifi, ya yi shiru. Liman ya ce masa, "Ɗana, kai ka san hanyar da kayan nan suka biyo, shi bai sani ba. Ka biya shi, ka bi naka haƙƙin, mu kuma za mu raka ka." Ya biya rabi a ranar, sauran aka raba masa wata uku. Makon jiya na bi ta shagon matashin, na tarar ya sayi ƙaramin sikeli ya ajiye a kan kanta. Ejen na can kuwa har yau bai amsa saƙonsa ba.