Laettner da mudun da ake auna shi da shi

Duk shekara in watan Maris ya kama, lokacin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, akwai wani ɗan bidiyo da gidajen talabijin ɗinsu ba sa gajiya da maimaitawa. Wani dogon farar fata mai lamba 32 a riga ya cafe ƙwallon da aka wurgo masa tun daga wancan ƙarshen filin, ya buga ta a ƙasa sau ɗaya, ya juya, ya jefa, ta faɗa kwando daidai lokacin da aka busa tashi. Christian Laettner ke nan na Jami'ar Duke, ranar 28 ga Maris, 1992, a birnin Philadelphia, a wasansu da Jami'ar Kentucky. An haura shekara 30 da yin abin, amma har gobe a jihar Kentucky ana sayar da riguna masu rubutun cewa har yanzu an tsane shi. Da yawa daga masu sa rigar ba a ma haife su ba a lokacin.

Jama'a, kan mutumin nan nake son magana, domin na gaji da jin yadda ake yanke masa hukunci. Zance biyu ne ke yawo a kansa. Na farko, wai ɗan gata ne mai girman kai wanda aka shagwaɓa. Na biyu, wai da ya shiga NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, sai asirinsa ya tonu, ashe ba wani gwani ba ne. Na farkon rabinsa gaskiya ne. Na biyun kuwa rashin adalci ne tsagwaronsa.

Ga wanda bai saba da gasar ba, a wancan zamani jami'o'i 64 ke shiga, a 2011 suka koma 68. Babu gida da waje, babu gyara kuskure a mako mai zuwa. Aka ci ka sau ɗaya, ka tattara kayanka. Kafin ka ɗauki kofi sai ka ci wasa 6 a jere cikin mako uku. Ɗalibi kuma shekara 4 yake da ita, ke nan iyakar wasan da zai iya bugawa a gasar a rayuwarsa 24 ne. Laettner ya buga 23, ya ci 21. Daga 1989 zuwa 1992 babu shekarar da Duke ba ta kai zagayen jami'o'i huɗu na ƙarshe ba, kuma kowace shekara da shi ake fara wasa. Makin da ya tara a gasar 407 ne, har yau babu wanda ya kamo shi.

Kuma ba a kan ƙananan yara ya tara su ba. Yana shekarar farko a 1989 ya haɗu da Alonzo Mourning na Georgetown, wanda kowa ke tsoro, ya zuba maki 24, Duke ta wuce. A 1990 shi ne ya fitar da Connecticut da jifan daƙiƙar ƙarshe. A wasan ƙarshe na shekarar UNLV ta Las Vegas ta yi musu dukan kawo wuƙa, 103 da 73, abin kunya a idon duniya. Da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, UNLV ba ta sha kashi ko sau ɗaya ba duk kakar, kowa ya riga ya miƙa mata kofi. Saura daƙiƙa 12 da 'yan kai, maki kunnen doki, aka yi wa Laettner keta, aka ba shi jifa biyu daga layi. Ya zura duka biyun, aka tashi 79 da 77. Suka doke Kansas a wasan ƙarshe, Duke ta ɗauki kofinta na farko a tarihi, koci Mike Krzyzewski ya huta da gorin da ake masa cewa yana kaiwa bakin gaɓa ya kasa hayewa.

Sai wasan Kentucky. A nan ne komai ya haɗu, gwanintar da kuma halin.

Kentucky ta shigo da labari mai taɓa zuciya. An kama jami'ar da karya dokokin ɗaukar 'yan wasa a 1989, aka hukunta ta, manyan 'yan wasanta suka watse. Wasu yara huɗu suka ƙi tafiya: Richie Farmer, Deron Feldhaus, John Pelphrey da Sean Woods. Uku daga cikinsu 'yan asalin jihar ne. Koci Rick Pitino ya rene su har suka kawo wannan matsayi a shekararsu ta ƙarshe. Duk mai tausayi a Amurka yana bayansu a daren nan.

Ana cikin rabi na biyu, wani matashin ɗan wasan Kentucky ya faɗi a ƙarƙashin kwando. Sunansa Aminu Timberlake (e, Aminu, kamar na gidanku). Yana kwance a ƙasa, Laettner ya ɗaga ƙafa ya taka masa ƙirji, da gangan, kyamara na kallo. Alƙalan wasa suka ba shi laifin rashin ɗa'a, amma ba su kore shi ba. Daga baya ya ce ya ɗauka Timberlake ne ya hankaɗe shi a baya, alhali wani ne daban. Wannan uzurin ma ya fi laifin muni, don ya nuna ramuwa ya yi niyya, ya kuma rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ni dai ra'ayina bai taɓa rawa ba a nan: korarsa ya kamata a yi. Mutanen Kentucky da ke cewa wanda ya ci su bai ma cancanci kasancewa a fili ba, suna da hujja, kuma ban ga dalilin da za a ce su yi shiru ba.

To amma an bar shi, ga kuma abin da ya yi da damar. Ya jefa ƙwallo sau 10 ana cikin wasa, duka suka shiga. Ya jefa 10 daga layi, duka suka shiga. Maki 31, babu kuskure ko ɗaya, a wasan da aka yi ƙarin lokaci. Sean Woods ya zura wata mai wuya ta kan Laettner ɗin kansa, Kentucky ta shiga gaba 103 da 102, saura daƙiƙa 2.1. Pitino ya zaɓi kada ya sa kowa a gaban Grant Hill mai wurgo ƙwallo daga bayan layi, ya tura mutum biyu su tsare Laettner. Su kuma tsoron yin keta ya sa suka ja da baya. Abin da ke ba ni mamaki duk lokacin da na sake kallo shi ne bugun nan guda da ya yi a ƙasa. Yaro ɗan shekara 22, daƙiƙa biyu a hannunsa, jama'a na ihu, amma ya san yana da lokacin da zai buga, ya yi kamar zai juya dama, ya juya hagu, ya daidaita ƙafa. Wani da ƙwallon ta taɓa hannunsa zai wurga ta ya bar wa Allah. 104 da 103. Bayan kwana 9 suka lallasa Michigan 71 da 51, suka riƙe kofi shekara biyu a jere, abin da ba a gani ba tun zamanin jami'ar UCLA ta Los Angeles a 1973.

Mu koma kan zancen ɗan gata. Duke jami'a ce mai zaman kanta, mai tsada, a garin Durham na North Carolina, kuma yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu hali ne. Ƙungiyoyin da ta doke kuwa, UNLV da Michigan, baƙaƙen fata ne suka fi yawa a cikinsu, wasu daga unguwannin talakawa, masu dogayen gajeren wando da salon da matasa ke so. Saboda haka wasa ya tashi daga wasa, ya koma rigimar launin fata da ta aji. Aka nemi fuskar da za a liƙa wa duk haushin da ake ji, ga kuma dogon farar fata kyakkyawa mai gatsine yana cin kowa. Shi ke nan.

Sai dai Laettner ba ɗan masu kuɗi ba ne. A wani ƙaramin gari mai suna Angola ya tashi, kusa da Buffalo a jihar New York. Mahaifinsa ma'aikacin injin buga jarida ne, mahaifiyarsa malamar makaranta. Makarantar kuɗi ta Nichols da ya yi, da tallafi ya yi ta, yana kuma aikin share-share a makarantar don cike gurbin kuɗin. Wanda ya fito daga gidan wadata a ƙungiyar shi ne Grant Hill, baƙar fata, ɗan Calvin Hill, tsohon tauraron ƙwallon Amurka da ya yi karatu a Yale. Hill kuwa kowa na son sa. Mutane suka kalli fata da rigar makaranta, suka rubuta wa mutum tarihin da ba nasa ba.

Girman kan fa? Wannan nasa ne, babu mai ƙaƙaba masa. Hatta abokan wasansa sun sha a hannunsa, musamman Bobby Hurley wanda yake yi wa tsawa da gori ba dare ba rana. Kuma da alama ihun ƙiyayya daɗi yake masa, yana ƙara masa kuzari. A 2015 tashar ESPN ta yi fim guda sukutum kan dalilin da ya sa aka tsane shi, ya zauna a ciki yana murmushi. A shekarar ce ma ya fito ya ba Timberlake haƙuri, bayan shekara 23. Ya makara, amma ya bayar.

Inda nake rabuwa da mutane shi ne zancen NBA. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1992, Shaquille O'Neal aka fara ɗauka, sai Mourning, sai Laettner na uku zuwa Minnesota, ƙungiyar da ba ta fi shekara uku da kafuwa ba kuma ba ta san hanyar cin wasa ba. Ya yi kaka 13 a ƙungiyoyi 6, yana cin kusan maki 13 a kowane wasa, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar a 1997 yana Atlanta. Wannan rayuwar ɗan wasa ce mai kyau. Dubban yara na fita daga jami'a kowace shekara ba tare da sun taka filin NBA ko na minti ɗaya ba. Laifinsa kawai bai zama Shaq ba. Ƙwallon jami'a da ta ƙwararru kusan sana'a biyu ce: tsawon wasa daban, yawan wasanni daban, ƙarfin jikin da ake buƙata daban. Ba a auna gero da mudun gwal, ba a kuma ce manomin ya yi asara don awon bai yi daidai ba.

Mu 'yan Najeriya muna da misalin da ya juya wannan lissafi. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya kai zagayen huɗun ƙarshe sau uku da Jami'ar Houston, ya buga wasan ƙarshe a 1983 da 1984, duka biyun aka ci su. Bai taɓa ɗaukar kofin jami'a ba. Wa ya taɓa cewa wannan ya rage darajar kofuna biyun da ya ci wa Houston Rockets a 1994 da 1995? Babu. In rashin kofin jami'a bai taɓa martabar Hakeem ta NBA ba, me zai sa matsakaicin tarihin NBA ya goge abin da Laettner ya yi a jami'a?

Haka zancen tawagar Amurka ta gasar Olamfik a Barcelona a 1992, wadda ta ƙunshi su Michael Jordan, Magic Johnson da Larry Bird. An ware gurbi ɗaya tak ga ɗalibi, aka ba Laettner aka bar Shaq. Yau abin ya zama abin dariya, ana nuna hoton ana tambayar wane ne wannan a cikin manya. Amma a 1992 aka yi zaɓen, ba yau ba. A lokacin shi ne gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, da kofi biyu a hannu, kuma sau biyu Duke ta haɗu da LSU, jami'ar Shaq, sau biyun Duke ta yi nasara. Duk wanda ke cikin kwamitin, in dai abin da aka yi a fili zai duba, sunan da zai rubuta ke nan.

In ana neman abin zargi na gaske, yana nan, kuma abin mamaki masu rigunan ƙiyayya ba su cika ambatonsa ba. Bayan ya bar wasa, shi da tsohon abokin wasansa Brian Davis sun zurfafa cikin harkar gidaje, har da mayar da tsofaffin rumbunan taba na Durham gidajen haya. Suka ci bashi a hannun mutane, ciki har da 'yan wasa irin su Scottie Pippen, biya ya gagara, aka yi ta shiga kotu. A 2016 masu bin sa miliyoyin daloli suka nemi kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, kafin daga baya a sasanta. A wurina wannan ya fi taka ƙirji nauyi nesa ba kusa ba. Taku na daƙiƙa guda ne cikin zafin wasa, yaron ya tashi yana tafi yana dariya. Bashi kuwa haƙƙin mutane ne da suka yarda da kai, suka yi shekaru suna bin ka. Amma da yake babu bidiyonsa da za a maimaita a watan Maris, ba ya cikin lissafin masu tsana.

Wani abu kuma da ke ƙara wa tarihinsa nauyi shi ne zamani ya canja. Yanzu gwanin yaro shekara ɗaya yake yi a jami'a ya wuce NBA. Zion Williamson ya zo Duke, duniya ta ɗauka, wasa 4 ya buga a gasar a 2019 ya tafi. Cooper Flagg ya buga 5 a 2025, Houston ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, shi ma ya tafi aka ɗauke shi na ɗaya. Kafin wani ya kamo Laettner sai ya zama gwanin da za a fara wasa da shi tun shekarar farko, ya ƙi kuɗin NBA har sau uku, ƙungiyarsa kuma ta kai ƙarshen gasa kusan kowace shekara. Duk mai ganin akwai ɗalibin da ya fi shi a wannan gasa tun bayan Lew Alcindor da Bill Walton na UCLA, ya kawo sunan da alƙaluma, mu zauna a kai.