Ɗalibanmu masu aiki a Ingila da nauyin da suke ɓoye wa gida

Duk lokacin da aka tayar da zancen 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu a Ingila suna haɗawa da aiki, abin da ake fara ambata shi ne kewar gida, kamar dai matsalar ba ta wuce marmarin tuwo da miyar kuka da begen hirar tsakar gida ba. Kewar tana nan, kuma tana da zafi, amma a ganina abin da ya fi durƙusar da ɗalibi shi ne yana ɗauke da kaya mai nauyi, an kuma rene shi a kan cewa bayyana nauyin abin kunya ne. Sai ka ga yaro ya shekara yana amsa wa mahaifiyarsa "lafiya lau, alhamdu lillahi" a waya, alhali barci ya daɗe da ƙaurace wa idonsa. Na yi zaman ƙasar, na yi irin aikin, na kuma zauna da waɗanda suka fi ni shan wuya, shi ya sa nake so iyayenmu da yayyenmu na gida su karanta wannan rubutu kamar yadda nake so ɗaliban su karanta.

Mu fara da lissafi, domin a nan ne rashin fahimta ke samo tushe. Bizar karatu ta yarje wa ɗalibin digiri ya yi aikin awa 20 kacal a mako a lokacin da ake zangon karatu, sai an yi hutu ne yake da damar yin cikakken aiki. Mafi ƙarancin albashin wanda ya kai shekara 21 ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, wanda ke nufin a lokacin wanda ya cika awanninsa 20 yana tashi da kusan fam 244 a mako, wato fam dubu da 'yan kai a wata. Idan ɗan'uwa a Kano ko Gusau ya juya wannan kuɗi zuwa naira, zai ga miliyan biyu ko kusa da haka, nan take ya yanke hukuncin cewa wane ya samu duniya. Abin da bai sani ba shi ne, ita kanta gwamnatin Birtaniya, a ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, ta ƙiyasta cewa ɗalibin da ke zaune a wajen Landan yana buƙatar fam 1,136 a wata don ci da sha da haya kaɗai, na cikin Landan kuwa fam 1,483. Ke nan albashin awa 20 bai ma kai abin da hukuma ta ce rayuwa na ci ba, ba a kuma zo kan kuɗin makaranta ba, wanda a jami'o'i da yawa ya haura fam 15,000 ga mai digiri na biyu, ba a kuma ambaci kuɗin kula da lafiya na fam 776 a shekara da ake biya tun wajen neman biza ba.

Faɗuwar naira ce ta mayar da wannan lissafi abin tsoro. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, fam kuwa ya tsallake naira 2,000 a cikin shekarar. Mahaifin da ya sayar da fili ko ya kwashe kuɗin sallamarsa na aiki ya ajiye don karatun ɗansa, ya wayi gari abin da ya tara bai kai rabin abin da ake bin yaron ba. A watan Mayun 2024 an ji labarin wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu aka kuma umarce su da barin ƙasar saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Nasu ne ya fito fili, amma irinsu suna da yawa a garuruwa daban-daban, kowa ya kulle ɗaki yana ƙirga kwanakin da suka rage masa kafin wa'adin biya.

Aikin da kansa ba na wasa ba ne. Yawancin namu suna samun aiki ne a gidajen kula da tsofaffi, ko manyan sito-sito na kamfanonin aika kaya, ko shara da goge-goge, ko gadi. Wanda ya bar gida yana malamin jami'a ko ma'aikacin banki zai tsinci kansa yana tsaye daga ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safe yana juya tsoho a gado yana canza masa ƙunzugu, ya fito ya kama bas ya wuce aji da idanu jajir. Aiki ne na halal, akwai ma lada a cikinsa ga wanda ya yi shi da tausayi, sai dai yana cin jiki yana kuma cin rai, musamman ga wanda ba ya iya faɗa wa kowa a gida irin aikin da yake yi. Na san masu ɗaukar hoto a gaban manyan gine-gine su saka a Facebook, a daren kuma su kwana suna wankin banɗaki. Wankin ba ya damuna ko kaɗan, hoton ne yake damuna, domin shi ne yake ƙara wa na gida tsammani, tsammanin kuma ya dawo kan mai hoton ya zama roƙon kuɗin biki da na suna da na sabuwar waya.

Daga nan ne wasu ke faɗawa tarkon wuce awa 20 a ɓoye, ko karɓar aikin da ake biya a hannu ba tare da takarda ba. Ina roƙon duk ƙanina da ke karanta wannan da ya nisanci hakan. Karya sharaɗin biza yana iya jawo soke ta, kuma wanda ya ɗauke ka aiki a ɓoye ya san ba ka da bakin kai ƙara ranar da ya danne maka haƙƙi.

Sai kuma yanayin ƙasar, wanda ba a cika ba shi muhimmanci ba sai an shiga cikinsa. A Kano yini ba ya gaza awa 11 ko a tsakiyar hunturu, amma a Manchesta a watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi, har Azahar da La'asar da Magariba su haɗu a cikin awa huɗu. Mai aikin dare da ya kwanta da safe zai iya yin kwanaki bai ga hasken rana ba. Wannan duhu yana taɓa jiki da zuciya, likitoci sun san shi, kuma hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana shawartar kowa ya riƙa shan sinadarin bitamin D maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata irinmu kuwa duk shekara. Ranar Sallah ba ranar hutu ba ce a can, don haka mutum zai iya idar da sallar Idi ya cire babbar riga ya sa kayan aiki. Tun daga Janairun 2024 kuma an hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyalansu, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, ke nan magidanci da yawa suna can su kaɗai, matansu da 'ya'yansu suna nan, kowane ɓangare yana haƙuri da nasa kaɗaicin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda muke amsa wa wanda ya daure ya buɗe baki. Da zarar ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, sai a ce masa ya yi istigfari, ai mutane dubu suna neman damar da ya samu, ko a tuna masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wasu ma har su alaƙanta damuwa da raunin imani. Wannan ba koyarwar addini ba ce. Sahabban da suka yi hijira zuwa Madina sun yi kewar Makka, Bilal yana kwance da zazzaɓi yana rera baitocin begen kwaruruka da tsirran garinsu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawatar masa ba, addu'a ya yi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Idan waɗannan bayin Allah sun ji zafin rabuwa, ban ga dalilin da zai sa a kunyata yarinya 'yar shekara 23 don ta yi kuka a ɗakinta a wani gari da ba ta san kowa ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, na shaida hakan, amma ba su hana zuwa asibiti a ciwon suga ba, bai kamata su hana a ciwon damuwa ba.

Saboda haka maganin farko da nake ba kowane ɗalibi shi ne ya faɗa wa gida gaskiya. Ba lallai ne kowa ya sani ba, amma ya zaɓi mutum ɗaya ko biyu, mahaifi ko yaya ko matarsa, ya zayyana musu abin da yake samu a wata da abin da haya da abinci da mota da makaranta ke cinyewa, da lambobi, ba da kwana-kwana ba. Ya faɗi irin aikin da yake yi da sunansa. Ya kuma faɗi abin da zai iya turowa da abin da ba zai iya ba, ya tsaya a kai ko da za a yi masa fushi na 'yan kwanaki. Yawancin iyayenmu ba marasa tausayi ba ne, ba a taɓa nuna musu lissafin ba ne, kuma uwar da ta san ɗanta yana kwana a tsaye ba za ta bari dangi su mayar da shi asusu ba.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu, Allah Ya ƙara muku girma, ku taimaka da irin tambayar da kuke yi. "Yaya karatu?" amsarta ɗaya ce kullum. Ku tambayi yaron awa nawa ya yi barci jiya, me ya ci, da wa ya yi hira a makon nan ido da ido, yaushe ne wa'adin biyan kuɗin makaranta na gaba. Ku daina haɗa shi da ɗan gidan wane da aka ce ya gina gida a shekara biyu, domin ba ku san ta wace hanya aka samu ba, ba ku kuma san abin da ya ci wa mai shi ba. Kuma don Allah a rage ɓoye masa rasuwa da rashin lafiya da sunan kada a tayar masa da hankali, domin ya tsinci labarin a WhatsApp da tsakar dare shi kaɗai ya fi komai muni.

Akwai ƙofofin taimako a can da namu ba sa ƙwanƙwasawa, alhali sun riga sun biya kuɗinsu. Wanda ya biya kuɗin kula da lafiya yana da haƙƙin yin rajista da likitan unguwarsa ya gan shi ba tare da ƙarin biya ba, kuma rashin barci da faɗuwar gaba da mutuwar jiki da rashin son abinci na makonni duk dalilai ne na ganin likita. Jami'o'i suna da sashen kula da walwalar ɗalibai da masu ba da shawara a sirrance, suna da tsarin ƙara wa ɗalibi lokacin miƙa aiki idan rashin lafiya ko rasuwa ta same shi, da yawansu kuma suna da asusun agaji ga wanda ya shiga matsi. Wanda tunani ya yi masa yawa har ya fara jin gara ya huta da rayuwa, kada ya jira gari ya waye, ya kira ƙungiyar Samaritans a lamba 116 123, kyauta ne dare da rana, ko ya kira layin hukumar lafiya ta NHS a lamba 111, idan kuma abin ya kai gaggawa ya kira 999.

Game da ita kewar kanta, abin da na gani yana aiki shi ne mutum ya samu jama'a a inda yake, domin zumunta a ƙafa take. Waya tana da daɗi, musamman da yake bambancin lokaci tsakanin Najeriya da Ingila awa ɗaya ne a hunturu, da bazara ma babu, amma wanda ya mayar da duk lokacin hutunsa kan kiran bidiyo da bibiyar hotunan bukukuwan gida zai ajiye waya ya ji ɗakin ya ƙara faɗi. Gara a tsayar da lokacin kira, sauran lokacin a fita. A riƙe sallar Juma'a ko zuwa coci ranar Lahadi ko da za a sauya ranar aiki saboda su, a nemi sauran Hausawa da 'yan Afirka na garin, a kuma buɗe ƙofa ga wanda ba ɗan gida ba, domin ɗan Sudan ko ɗan Pakistan da ke ɗakin kusa da kai yana fama da irin abin da kake fama da shi. Girki ma yana da nasa amfani. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji ba su da nauyi a jaka, garin shinkafa ko samobita kuma ana samu a shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya, sai dai a sani cewa kilishi da dambun nama doka ta hana shiga da su ƙasar. Mutum huɗu su haɗu ranar Lahadi su tuƙa tuwo su ci a faranti ɗaya, a wajen cin nan ne wani zai faɗi abin da ya yi wata uku yana haɗiyewa. Waɗanda suka riga zuwa suna da haƙƙi a wuyansu a nan, idan an kwana biyu ba a ga sabon zuwa a masallaci ba, a je a buga masa ƙofa.

Wanda ya ga kuɗin makaranta zai gagare shi, ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje da ofishin kuɗi na jami'arsa tun kafin wa'adi ya cika, ya nemi a rarraba masa biyan, ya kuma nemi shawarar ƙungiyar ɗalibai, domin bayan an kai sunansa ga hukumar shige da fice gyara yana wuya ƙwarai. Idan ta kai ga sai an dakatar da karatu an dawo gida, a tambayi abin da hakan zai yi wa bizar da abin da jami'a za ta ba shi na shaidar darussan da ya riga ya ci, sannan gida su tarbe shi hannu bibbiyu, kada a bari maganganun unguwa su sa ya zaɓi ɓuya a can ba takarda.