Gahawar da ake tsincewa a kashin dabba

A zamanmu na ranar Asabar a falona, na dafa wa baƙi wata gahawa mai tsada da ake kira kopi luwak, wadda ake tsince ƙwayarta a kashin dabba. Abin da zan faɗa shi ne raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba, domin na ga dattawa masu hankali suna gyaɗa kai suna yabon gahawa tun kafin ta taɓa harshensu, don kawai an gaya musu kuɗinta.

Ɗan yayata da ya dawo daga tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya shi ya miƙo mini ƙaramin ƙunshin, yana cewa, "Kawu, wannan ita ce kopi luwak, babu gahawar da ta kai ta tsada a duniya." Na karɓa da hannu biyu, domin ba a raina tsaraba, kuma yaron da zuciya ɗaya ya kawo. Ba ni da ƙorafi a kansa. Fushina yana kan waɗanda suka sayar masa da labari da farashin zinariya.

Da kaina na niƙa ta, na dafa ta babu sukari babu madara, kamar yadda nake yi wa ta Habasha da ta Yaman fiye da shekara ashirin. Ƙamshinta ya yi kama da na ƙasar da aka yi wa yayyafi, amma da na kurɓa sai na ji ta lami: ɗacin ya ragu, ɗan tsamin nan mai daɗi da ke farkar da harshe babu shi, ta wuce maƙogwaro ba ta bar komai a baya ba. Da a ce an zuba mini ita ba a faɗi sunanta ba, da ba zan nemi ƙari ba, kuma na tabbata haka abin yake ga mafi yawan waɗanda suka yabe ta a falona.

Luwak wata dabba ce mai yawon dare, dangin tunkun judanmu da ake samun turaren jibda a jikinsa. Takan hau bishiyar gahawa ta ci nunannun 'ya'yan, tsokar ta narke a cikinta, ƙwayar kuma ta fito a kashi, sai a tsince a wanke a shanya a soya. Wani masani a jami'ar Guelph ta Kanada, Massimo Marcone, ya nuna a 2004 cewa ruwan cikin dabbar yana ratsa ƙwayar ya sauya wasu sinadaranta, abin da ake dangantawa da raguwar ɗaci. Iyakar sirrin ke nan. Raguwar ɗaci kuwa ba ta isa ta sa kilo ɗaya ya kai ɗaruruwan daloli ba, sai dai idan wani abu daban ake saya, wato damar cewa an sha abin da wasu ba su sha ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne asalin labarin na talakawa ne. Daga 1830 Turawan Holan sun tilasta wa manoman tsibirin Jawa na Indunusiya noma amfanin da za a kai Turai, har da gahawa, kuma abin da ake faɗa shi ne an hana manoman taɓa 'ya'yan don amfanin kansu, shi ya sa suka koma tsintar wanda luwak ta kasayar a gindin bishiya. Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. Yau ga shi an ɗauki dabarar wanda aka zalunta an lulluɓe ta da takarda mai ƙyalli ana sayar wa masu hannu da shuni, jikokin manoman kuma ba su ne ke kwasar ribar ba.

Na san za a ce mini kuɗinsa ne, kowa da abin da yake so. Da a aljihun mai saye maganar ta tsaya, da ban ɗaga alƙalami ba. Amma ga abin da ke cikin hoton da yaron ya ɗauka a gonar da aka kai su yawon buɗe ido: dabbar tana kwance a kejin waya da rana tsaka, lokacin da ya kamata a ce tana barci a kogon bishiya, gashin wutsiyarta ya zube, gabanta kwano cike da jajayen 'ya'yan gahawa. A daji tana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri da ƙwari da ƙananan dabbobi, gahawa ɗan ƙari ce kawai. A keji kuwa ana ɗura mata ita domin kashin ya yawaita. Binciken sirri da BBC ta yi a tsibirin Sumatra na Indunusiya a 2013 ya nuna haka, a 2016 kuma masu bincike daga jami'ar Oxford da ƙungiyar World Animal Protection suka fitar da sakamakon duba dabbobi kusan 50 a gonaki 16 na Bali, suka tarar da halin da ake tsare su ya gaza ma'aunin kula da dabba. Hatta Tony Wild, Baturen Ingilan da ya kai wannan gahawa kasuwarsu a 1991, daga baya ya fito yana roƙon mutane su daina saye.

Wani kuma a wurin zaman ya ce ai malaman can sun halatta. Gaskiya ne, Majalisar Malaman Indunusiya ta ba da fatawa a 2010 cewa ƙwayar ta halatta idan an wanke ta da kyau kuma tana nan da taurinta. Wannan hukunci ne a kan najasa da tsarki, bai ba kowa izinin azabtar da dabba ba, kuma dukanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Masu cewa tasu ta daji ce kuma, su gaya mini yadda mai saye a Kano ko Yamai zai tantance, alhali rubutun kan leda mai sayarwa ne ya buga shi. Ga kuma abin da ba a lura da shi: duk darajar da aka jingina wa wannan gahawa ta samo asali ne daga cewa dabbar ce ke zaɓar mafi nuna da kanta, wadda ke keji kuwa abin da aka zuba mata take ci. An kashe dalilin tsadar, an bar tsadar.

Ba ni gaba da gahawa mai tsada. Irin da ake kira Geisha, wanda tushensa dajin Gesha na Habasha ne, ya yi suna a 2004 bayan wata gona a Panama ta shiga gasa da shi, alƙalai suka ɗanɗana ba tare da sanin na wane ne ba, suka ba shi matsayi na ɗaya. A can harshe ne ya fara yin hukunci, kuɗi ya biyo baya. A kopi luwak kuɗi ne ke shiga gaba, harshe ya bi shi don kunya.

Na gaya wa ɗan yayata cewa idan Allah ya sake kai shi, ya nemo mini gahawar Gayo ta tsaunukan Aceh da ke Sumatra, wadda manoma ke tsinka da hannunsu. Sai ya tambaye ni ko ana noma gahawa a ƙasarmu, na ce masa ana yi a tsaunin Mambilla na jihar Taraba, ya ce bai taɓa ji ba. Mun yi alkawari da shi bayan damina za mu hau garin Gembu da ke kan tsaunin tare, mu ga bishiyar da idonmu, mu sayo a hannun mai gona.