Injin doki 40 da tsohon jirgin katako: wa ya ce Damagarawa ba su san awo ba?

Wata magana da wani tsoho Bafaranshe ya yaɓa mini ce ta sa ni wannan rubutu, don har yau tana ci mini rai. Ni ɗan Damagaram ne, ina zaune a Douarnenez, garin masunta a ƙuryar yammacin Faransa. Tsohon nan maƙwabcina ne, ya bar aiki, ya samo wani ƙaramin jirgin katako mai tsawon mita 5 da ya fara ruɓewa, yana ta gyaransa. Ranakun hutu nakan je in kama masa. Da gyara ya zo ƙarshe sai batun inji ya taso. An kawo masa tallan wani na hannu mai ƙarfin doki 40, da araha, shi kuwa ya kafe sai mai doki 6. Na ce masa tunda kuɗin bai yi nisa da juna ba, ai gara babban. Ya yi dariya ya ce: "Ku mutanen hamada, komai sai babba."

Bari in kwatanta muku wurin. Sunansa Port-Rhu, bakin wani ɗan kogi ne da ke zuba cikin teku, har gidan tarihi na jiragen ruwa suka yi a nan. A gaɓar waje, sau biyu a yini teku kan janye ta bar jirage kwance kan laka, sannan ta dawo ta ɗaga su. Yayyafi ba ya yankewa, iska na warin gishiri da kwalta, fararen tsuntsayen teku na ta ihu bisa rufin gidaje. Za ka ga dattijo da farin gashi, cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa, ya durƙusa yana cusa zare tsakanin katako da katako, a jikin jirgin da ya girme shi. Ba kifi zai kama da shi ya ciyar da iyali ba. Sha'awa ce kawai.

A kan jirginsa dai yana da hujja, ba zan ƙi faɗa ba. Injin doki 6 nauyinsa bai kai kilo 30 ba, na doki 40 irin na yanzu kuwa yana kusan kilo 100, kuma duk wannan nauyi a kan katakon baya ɗaya zai rataya. Tsohon katako na iya tsagewa, ko bayan jirgin ya nutse hancinsa ya ɗaga, igiyar ruwa ta shigo ta baya. Sannan jirgi mai zurfin ciki irin nasa, wanda ke keta ruwa ba ya tashi bisa shi, tsawonsa ne ke yanke masa gudu. Mai mita 5 ba zai wuce kamar kilomita 10 a awa ba. Ƙara masa ƙarfi, sai dai ya tona rami a ruwa ya sha mai: babban zai iya shanye lita 15 a awa in an buɗe masa wuta, ƙaramin kuwa lita 2 da ɗan abu. Har tsawon ƙafar injin ana aunawa, akwai gajera ta santimita 38 da doguwa ta 51, don farfela ta zauna daidai cikin ruwa. Ga kuma doka: in inji ya wuce doki 6 sai da permi, kuma cikin mita 300 daga gaɓa ba a wuce kamar kilomita 9 a awa. Sababbin jirage ma da ɗan allon ƙarfe suke zuwa, an rubuta iyakar ƙarfin inji da yawan mutanen da za su hau.

To amma me ya kawo hamada cikin wannan lissafi?

Shi in injinsa ya mutu a teku, lamba 196 zai kira, masu ceto su taso, ƙungiyar ceto a teku mai suna SNSM na nan tun 1967 don haka. Kayan gyara kuma a shagon bayan gidansa suke. Wanda motarsa ta mutu tsakanin Tanut da Agadas fa, wa zai kira? Injinmu yana aiki cikin zafin Afrilu da Mayu da ya haura digiri 40, yana shaƙar ƙura, kuma duk bakanike ya san zafi na rage wa inji ƙarfi. Babur ɗaya ne zai kai yara lakwal da safe, ya yi kabu-kabu da hantsi, ya ɗauko buhun hatsi daga kasuwar Dole da la'asar. Mutumin da ke da inji ɗaya da aiki biyar, in ya bar rarar ƙarfi a ajiye, wannan shi ne awonsa, kuma awo ne na hankali.

Na san akwai masu sayen ƙaton janareto don kawai unguwa ta ji ƙara. Akwai su, amma a nan ma ina ganin jiragen ƴan fariya ɗaure shekara guda ba su motsa ba.

Na kira Yayana da ke da garka wajen Gidimuni na ba shi labari. Ya ce: "Kai ma dai, ƙane, da ka tambaye shi ko ya taɓa ban ruwa da rijiya." Shi injin ban ruwa mai bakin inci 2 yake aiki da shi, ya ƙi mai inci 3 ko da aka rage masa kuɗi. Dalilinsa, babban kan zuƙe rijiyar garka kafin ruwa ya sake tsattsafowa, ya shiga jan yashi, yashin ya cinye cikin famfon, gindin rijiyar ya zube. Ba allon ƙarfe a bakin rijiyarsa, ba wanda ya ba shi permi. Da idonsa ya auna yadda ruwa ke sauka da yadda yake dawowa, ya zaɓi injin da rijiyar za ta iya ɗauka. Abin da ya bambanta su kawai, na Bature an rubuta, na Yaya yana cikin kansa, shi ya sa aka ɗauka ɗaya ilimi ne ɗaya kuma dace.

In ma ana maganar sanin iyaka, a zo Damagaram a koya. Garin da ke zaune kan dutse, wanda ruwansa sai an jawo daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Yarinya ƴar shekara 10 a Garin Malam ko Birni ta san yadda za ta raba jarka mai lita 25 tsakanin tuwo da wanke-wanke da alwalar gida, har a rage na safe. A nan kuwa, duk wanda ya fito daga teku sai ya ja tiyo ya wanke jirginsa da injinsa da ruwan famfo, ruwan da ake sha, wai don gishiri kar ya ci ƙarfe. Ruwan na malala bisa siminti yana komawa teku, ba mai ko waiwayensa, kuma abin da mutum ɗaya ke zubarwa a wanki guda zai ishe gidanmu na Birni yini cur.